Godiya Bayan Dawowar Inna Gida

Alhamdulillahi, jiya da la'asar aka sallamo Inna bayan kwana shida a asibiti a Birnin Kebbi. Mun iso Argungu lafiya, ita da kanta ta ce a dama mata fura.

Masu kira suna tambayar abin da ya same ta, ga shi. Ranar Talata ta tashi da ciwon kai da amai, kafin azahar ta fara kirana da sunan ƙanenta da ya rasu tun ina goye. Wasu suka ce iska ce, ni kuwa zuciyata ta tafi ga shanyewar ɓarin jiki. Da aka ɗebi jini, likita ya ce gishirin jininta ne ya yi ƙasa, wanda suke kira sodiyam. Na mai lafiya 135 zuwa 145 ne, nata 118. Ashe maganin hawan jinin da take sha, irin mai sa fitsari, yana zubar da gishirin. Ga zawo da ta kwana biyu tana ɓoye mana, ga zafin bazara, ruwa kawai take ɗirka, abinci sai an yi da ita.

Likitan nan ina gode masa, ina kuma neman afuwarsa. Da na ga ruwan da aka ɗaura mata yana ɗiga kamar ba ya so, kuma bini-bini a zo ɗibar jini, sai na ɗaga murya. Bai yi fushi ba. Ya ja ni gefe ya ce idan aka ɗaga gishirin da gaggawa, fiye da 8 zuwa 10 a kwana guda, ƙwaƙwalwa na iya samun lahanin da ba ya gyaruwa. Jikina ya yi sanyi.

Ma'aikatan jinyar da suka yi ta kwana a tsaye, Allah Ya saka. Kawu da ya bar aikin shinkafarsa a fadama ya kai mu da motarsa, maƙwabta da suka riƙe mana yara, da 'yan masallacin unguwa da suka yi karo-karo ba mu roƙa ba, Allah Ya bar zumunci.

An canza mata magani, an hana mu ƙara mata gishiri da ka, tunda hawan jinin yana nan. Ranar Litinin za mu koma a sake gwaji. Masu zuwa dubiya, don Allah ku bari sai bayan la'asar, barci take yi da rana.