Yini ɗaya a tsibirin Gore: aikin kai maziyartan Kaulaha bakin teku

Ofishinmu ɗaki biyu ne a Fagge, ba nisa da Wapa. Ni ne da ƙanena, sai wata yarinya mai kula da kwamfuta da yaron da ke kai mana takardu. Muna yankar wa mutane tikitin jirgi, muna haɗa 'yan umara da manyan kamfanoni masu lasisi, amma abin da aka fi saninmu da shi a unguwa shi ne ziyarar Kaulaha ta ƙasar Senegal lokacin Maulidi. Nan ne cinikinmu na shekara yake.

Ba sai na yi wa Bakano dogon bayani kan alaƙar garin nan da Madina Baye, unguwar Shehu Ibrahim Inyass a Kaulaha, ba. Tun haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937 hanya ta buɗe, kuma rasuwar Shehu a 1975 ba ta rufe ta ba. Masu zuwa wurina yawanci 'yan kasuwa ne, da malamai da almajiransu, da hajiyoyi da 'ya'yansu suka biya musu. Babu wanda yake shigowa ya ce yana son ganin tsibiri. Ziyara ce ta kawo su. Sai dai ranar dawowar jirgi ba kasafai take dacewa da ranar da aka tashi daga taro ba, kujeru sun cika, sai jama'a su yi kwana biyu ko uku a Dakar ba abin yi. Mata su tafi kasuwar HLM sayen shadda, maza su zauna a masauki suna lissafin kuɗin da ke zurarewa. Cikin waɗannan kwanaki na cusa yini ɗaya na zuwa Gore, tsibirin da ke gaban Dakar, kuma shi ne ya fi kowane yini a tafiyar cin ƙarfina.

Aikin tun daga Kano yake farawa. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza zuwa Senegal saboda ECOWAS, amma dole fasfo ya kasance da sauran rai, a kuma riƙe katin allurar rigakafin shawara. Kuɗinsu sefa ne, kuma sefa a ɗaure take da yuro, don haka duk ranar da naira ta yi ƙasa, masauki da mota da abincin da na riga na yi wa mutane farashinsu sai su hau kaina. Shi ya sa da zarar mutum ya ba da kafin alƙalami nake aika yaro Wapa, wurin 'yan canji, a canza a ajiye. Ba na barin kuɗin tafiya ya kwana a naira. A da akwai masu bin mota ta Nijar da Burkina Faso da Mali, tafiyar kwanaki, arha kuma. Yanzu da halin tsaron da hanyar ke ciki, wanda ya tambaye ni ina ce masa ya nemi wani, ni ba na ɗora rai a kanta. Ta sama muke bi, daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas ko Abuja, sau da yawa a yada zango a Lome ko Abidjan kafin a sauka.

Filin jirgin da ake sauka, wanda aka buɗe a ƙarshen 2017, ba a cikin Dakar yake ba, yana Diass ne, tafiyar kusan awa guda. Sunan Blaise Diagne aka sa masa, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar Faransa a 1914, kuma a Gore aka haife shi a 1872. Nakan faɗi wannan a cikin mota tun ranar sauka, don sunan tsibirin ya fara shiga kunne. A nan kuma nake sa kowa ya mai da agogonsa baya da awa ɗaya, in ba haka ba sai Alhaji ya tashi mutane sallar asuba dare na tsaka.

Jirgin ruwan Gore daga tashar Dakar yake tashi, tafiyar minti ashirin ce ko ɗan fiye. Kuɗin shiga hawa-hawa ne: na mazauna ƙasar daban, na sauran 'yan Afirka daban, na Turawa daban, saboda haka fasfo sai ya bi mutum, ba a barinsa a masauki. Ina zuwa tashar da sassafe in yanki tikitin kowa a dunƙule kafin motarsu ta iso. Babban aikin dai shi ne shigar da mutanen cikin jirgin. Yawancinsu babban ruwan da suka taɓa gani shi ne Tiga ko Bagauda. Kusan kullum akan sami dattijuwar da za ta tsaya a bakin gadar shiga ta ce, "Ɗan nan, ni fa ziyara na zo, ba a ce da ni za a ɗora ni a kan ruwa ba." Sai in ce, "Hajiya, ga tsibirin can kina hangowa, kafin ki gama wuridi mun isa." Ba na tilasta kowa. Wadda ta ƙi, ƙanena ya mai da ita masauki, in kuma mayar mata da kuɗin yinin. Wadda ta yarda, a zaunar da ita a ƙasa, tsakiyar jirgi, inda ba a jin lilo sosai.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, faɗinsa wajen mita 300, kuma babu mota ko ɗaya a cikinsa. Wanda ya saba ratsa Kantin Kwari da ƙafa ba zai ji komai ba. Lunguna ne na yashi da duwatsu, gidaje masu fenti ja da ruwan ɗorawa, furanni na leƙowa ta katanga. Turawan Fotugal ne suka fara isa a 1444, ya shiga hannun Holan, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ma ta riƙe shi a wasu lokuta. A 1978 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya, yana cikin rukunin farko da aka fara sawa.

Gidan Bayi nake fara kai su, kai tsaye daga sauka, saboda ana rufe shi da tsakar rana, ran Litinin kuma ba a buɗewa sam. Duk lissafin kwanakinmu na Dakar a kan wannan Litinin ɗin nake gina shi. Gida ne mai bene da aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, da matakala biyu masu lanƙwasa a tsakar gida. Sama mazaunin masu gida ne, ƙasa kuma ɗakuna ne ƙanana masu duhu, an rubuta na maza, na mata, na yara, da wani ƙuƙumin rami a ƙarƙashin matakala na masu taurin kai, wanda babba ba zai iya miƙewa a ciki ba. A ƙarshen wani siririn lungu akwai ƙofa da ta buɗe kan teku, ita ce ake kira ƙofar da ba a dawowa. An mai da gidan wurin tarihi a 1962, kuma Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da shi har rasuwarsa a 2009, shi ne ya sa duniya ta san shi. Mandela ya zo, Fafaroma John Paul na biyu ya zo a 1992, Clinton a 1998, Obama a 2013.

Masu bayani a gidan da Faransanci suke yi, wasu da Ingilishi. Mutanena kuwa rabinsu Hausa ce kawai da Larabcin karatu. Don haka nake ɗaukar wani ɗan Nijar da ke karatu a Dakar ya riƙa juyawa, kuma kafin mu shiga nake zama da shi mu daidaita. Ga dalili. Mai bayani yakan ambaci miliyoyin mutane da suka fita ta wannan ƙofa, alhali masana tarihi da yawa sun nuna cewa Gore ba ta cikin manyan tashoshin fitar da bayi, kuma wasunsu na ganin gidan ya fi zama mazaunin attajirai da ke tsare bayi a ƙasansa. Ina cewa da tafintan ya faɗi abin da mai bayani ya faɗa yadda ya faɗa, kada ya rage. In mun fito inuwa, ni kuma in ƙara da abin da masana suka ce. Wani abokin sana'a ya taɓa ce mini ina rage wa kayana armashi. Ni kuwa a cikin ayarina akwai malamai masu karatu, akwai 'ya'yansu da ke jami'a da waya a hannu, kuma a Kano za mu ci gaba da haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure. Ban ga kuma abin da gaskiyar ta rage ba. Mutum ya tsuguna ya leƙa ramin nan na ƙarƙashin matakala, ba ya bukatar a faɗa masa miliyan nawa ne kafin jikinsa ya yi sanyi.

Tambayar da ba ta taɓa wucewa ita ce, "Akwai Hausawa cikin waɗanda aka fitar ta nan?" Amsar da nake bayarwa ita ce, Hausawan da aka tsallaka da su teku yawanci ta gaɓar Legas da Badagry da Wida aka fitar da su, da yawansu aka kai su Bahia ta ƙasar Brazil, inda har suka yi yunƙurin tawaye a 1807, Musulmin garin kuma suka yi babban bore a 1835. Daga nan hira takan juyo gida. Wani malami ya taɓa ce mini, "Alhaji, ai mu ma kasuwanninmu sun ga irin wannan, ta Sahara dai aka bi da su." Na ce, "Allah gafarta Malam, haka ne." Ba na tsawaitawa a wurin, amma ba na katse wanda ya ɗauko zancen.

Azahar a masallacin tsibirin muke yin ta. Ɗan ƙaramin gini ne na dutse daga ƙarshen ƙarni na 19, a gindin tudu, igiyar ruwa na dukan duwatsun da ke bayansa. Wannan ne wurin da mutanena suka fi ɗaukar hoto, sun fi yi a nan fiye da ƙofar da ba a dawowa. Masu ƙarfin gwiwa mu hau tudun Castel, inda Faransawa suka bar manyan bindigogi, daga can ana ganin Dakar gaba ɗaya. Dattawa su jira a ƙasa. A hanya nakan nuna musu ginin tsohuwar makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 zuwa 1937. Sunan ba ya motsa kowa sai na ce makarantar ce ta yaye Diori Hamani na Nijar da Modibo Keita na Mali da Houphouet-Boigny na Kwaddebuwa, sai ka ga an tsaya ana kallo. Akwai gidan tarihi a cikin wata zagayayyiyar ganuwa ta shekarun 1850 a ɗaya bakin tsibirin, da coci na 1830, da makarantar 'yan mata ta Mariama Ba. In lokaci ya ƙure, waɗannan nake tsallakewa.

Abinci ba ya ba ni wahala, shinkafa da kifi irin tasu, cebujen, kowa na ci. Abin da nake dubawa shi ne wurin cin. Gidajen abincin da ke fuskantar inda jirgi ke tsayawa suna sayar da giya, gabansu kuma ɗan bakin ruwa ne da Turawa ke wanka kusan tsirara. Ba zan zaunar da Malam da iyalinsa a nan ba. Akwai wata mata a cikin lungu da nake yi wa waya tun jajibere ta dafa mana, mu ci a tsakar gidanta a kan tabarma, a kawo shayi zagaye uku. Mata masu sayar da sarƙa da zane kuwa tun cikin jirgi suke kama abokin ciniki, su tambayi sunanka su riƙe, kana fitowa daga Gidan Bayi ka ji an kira ka. A kan wannan ba na gargaɗin kowa. Bakano ba a koya masa tayi.

In akwai yini na biyu, cikin Dakar muke zagayawa. Akwai ƙaton mutum-mutumin tagulla da aka ƙaddamar a 2010 zamanin Abdoulaye Wade, mai tsawon kusan mita 50, a kan tudu da matakala kusan 200. Tun ana gina shi malaman Senegal suka yi suka, nawa ma da yawa ba sa son sauka daga mota, sai mu rage gudu su gani ta taga mu gangara masallacin da ke bakin ruwa a Ouakam. Daga nan Almadies, inda ƙasar Afirka ta ƙare ta yamma, sai babban masallacin Muridawa na Massalikul Jinan da aka buɗe a 2019. Tafkin Retba mai launin hoda na cire shi daga takardar talla tun da ambaliyar 2022 ta wanke launinsa. Ko ya dawo, launin da yanayi yake tafiya, ba zan karɓi kuɗin mutum a kan abin da hoto ya nuna masa alhali ban da ikon tabbatar masa ba. Tsibirin Ngor kuma da kwalekwale ake shiga, matasa kaɗai nake bari.

Ribar yinin Gore ba ta taka kara ta karya ba. In ka cire mota da tikitin jirgi da harajin shiga tsibiri da ladan tafinta da abinci, abin da ya rage bai wuce na man janareton ofis ba, kuma 'yan shekarun nan da Maulidi ke faɗowa cikin damina sai da na riƙa ajiye yini na ko-ta-kwana saboda hadari. Ribata tana zuwa ne daga baya, lokacin da wanda ya je ya turo ƙaninsa ko surukarsa. Yanzu har an fara samun masu tambayar tafiyar Disamba, lokacin da Dakar ke da sanyi da iska, ango da amarya ko mai iyali da ke hutun makaranta. Su na tsara musu akasin na 'yan Maulidi: kwana uku a bakin teku, sannan mota ta kai su Kaulaha, kilomita kusan 190, su yi ziyara ba cunkoso su dawo. Sharaɗina ɗaya ne, a kawo fasfo da kafin alƙalami wata biyu kafin tafiya, don kujerun ƙarshen shekara ba sa jiran kowa.