Yadda na sayi tsohuwar Alfa Romeo Spider da abin da riƙonta ya koya mini

Motar da nake riƙe da ita don sha'awa ita ce Alfa Romeo Spider 2000 Veloce, ƙirar 1974, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa baya. A Italiya na saye ta, inda nake zaune ina aiki a kusa da Brescia, kuma garin ne ya sa mini son tsofaffin motoci, domin daga nan tseren Mille Miglia yake tashi ya je Roma ya dawo. An yi tseren na asali daga 1927 zuwa 1957, Alfa Romeo ta ci sau 11, kuma har yau ana tara motocin wancan zamani kowace shekara su bi hanyar a matsayin biki. Waɗannan motoci sun fi ƙarfin mai albashi irina, amma Spider tana cikin abin da mutum zai iya kaiwa idan ya yi tanadi da haƙuri.

An fara nuna Spider a baje kolin motoci na Geneva a 1966, kuma kamfanin Pininfarina ne ya zana jikinta, wato gidan da ya zana Peugeot 504 wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, motar da yawancinmu muka tashi muna gani a tasha da ƙofar gida. An ci gaba da ƙera Spider har 1993, an fitar da fiye da 100,000, abin da ya sa kayan gyaranta ba su yi wuya ba. Injin irin tawa mai silinda huɗu ne, cc 1962, na alminiyon, kuma asalin ƙirarsa yana komawa ga motar Alfa Romeo Giulietta ta 1954. Giyarta biyar ce, birkin faifai ne a duk ƙafafu huɗu, abin da ba kowace motar lokacin take da shi ba.

A gida mun saba auna mota da injinta. Mai saye yakan tambaya ko an taɓa buɗe inji, ya saurari ƙararsa, ya duba hayaƙin salansa, idan ya gamsu sai a shiga ciniki, kuma hakan ya dace da busasshiyar ƙasa inda ƙarfe yake daɗewa bai ruɓe ba. Wani dattijon bakanike da ya yi rayuwarsa a kan Alfa Romeo, wanda ya yarda ya riƙa raka ni duba motoci, shi ya nuna mini cewa a tsohuwar motar Italiya lissafin ya sha bamban. Inji ana sauke shi a sake gina shi da kuɗin da za a iya ƙiyastawa tun kafin a fara, amma tsatsa ba a sanin iyakarta sai an yanka ƙarfe, kuma aikin walda da gyaran bodi yana iya cinye fiye da kuɗin motar gaba ɗaya. Motocin shekarun 1970 ba su sami kariyar kirki daga tsatsa ba tun daga masana'anta, sannan hazo da laimar kwarin kogin Po na arewacin Italiya da gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi sun yi shekaru suna cin su.

A Spider matsalar ta fi tsanani saboda ba ta da rufin ƙarfe. Ƙarfin jikinta yana cikin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda aka yi su hawa-hawa, kuma daga ciki suke fara ruɓewa inda ido ba ya gani. Dattijon yakan ɗaga motar da jak ta gefe ɗaya, sannan ya buɗe ƙofa ya rufe. Idan ƙofar ta cije ko tazararta ta canza, to jikin ya fara lanƙwasa. Yakan ɗaga kafet ya taɓa daɓen, domin tamfol yana yoyo, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin ƙafa shekara da shekaru. Yakan fitar da safayar taya ya duba raminta, ya bi gindin ƙofofi da bakin tayoyi da ɗan maganaɗisu, inda duk ya ƙi kamawa ya san bodi fila ce aka shafe da fenti. Da wannan hanya muka bar wata ja mai sheƙi wadda injinta yake tashi da bugu ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya so ta ƙwarai. Wadda na saya a ƙarshe fentinta ya koɗe, kujerunta sun tsage, kafiretocinta suna tari, amma ta yi yawancin rayuwarta a kudancin ƙasar cikin gareji, kuma ƙarfenta na asali ne daga gaba har baya.

Kafin in biya ko sisi na bi takardu. Na nemi bayanin motar daga rajistar motoci ta PRA da lambarta, domin a nan ake ganin sunan mai ita na gaskiya da kuma ko akwai bashi ko umarnin hana ta hawa titi. Na aika lambar shasi zuwa ma'ajiyar tarihin Alfa Romeo da ke Arese, kusa da Milan, suka tabbatar da ranar da aka ƙera ta da launin da ta fito da shi. Wannan yana da muhimmanci, saboda akwai Spider da yawa da aka dawo da su daga Amurka, waɗanda suke da famfon mai na SPICA a maimakon kafireta, kuma akwai masu ƙaramin inji da aka sa musu babba ana sayarwa da sunan 2000. Bayan an mayar da ita sunana na shiga wata ƙungiyar masu tsofaffin motoci da ke ƙarƙashin ASI, wato babbar ƙungiyar masu motocin tarihi ta Italiya, na nemi takardar shaidar cewa motar ta tarihi ce. Motar da ta haura shekara 30 ba ta biyan cikakken harajin shekara, inshorarta ma tana da sauƙi, sai dai ana kai ta gwajin lafiya duk bayan shekara biyu kamar kowace mota.

Zama da injin shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa. Yana ɗaukar baƙin mai kusan lita bakwai, don haka yana daɗewa bai yi ɗumi ba, kuma wanda ya taka shi da ƙarfi yana sanyi zai gamu da gaskit ɗin kan inji ya saki, mai ya gauraya da ruwan lagireto. Nakan yi tafiyar farko a hankali har sai agogon zafi ya daidaita, agogon matsin baƙin mai ya sauko inda ya saba tsayawa. Giya ta biyu tana da rauni sananne a wannan ƙirar, tana ƙara idan aka yi mata gaggawa da safe, sai mutum ya koyi ɗan dakatawa a tsakiya kafin ya shigar da ita. Kafiretoci biyu ne na Dell'Orto, kowace silinda da maƙogwaronta, kuma daidaita su sana'a ce da take ƙarewa tare da masu ita: dattijon yana sa ɗan tiyo a kunne yana sauraron shaƙar kowane maƙogwaro har su zama murya ɗaya. Na zauna kusa da shi ina kallo har na iya canza fulogi da mai da tsabtace matatar fetur da kaina, amma daidaita bawul da kafireta har yanzu nasa ne. Na kuma canza dukkan tiyon fetur tun da wuri, domin fetur na yanzu yana ɗauke da sinadarin etanol mai cin tsohuwar roba, kuma yoyon mai kusa da inji mai zafi shi ne abin da ya fi ƙona irin waɗannan motoci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ajiya ta fi tuƙi lalata ta. Tsohuwar mota kamar doki take, idan aka daɗe ba a fita da ita ba sai ƙafa ta sage: birki ya kama, robobi su bushe, fetur ya yi tsami a kafireta, batir ya mutu. Saboda haka nakan fita da ita a kai a kai zuwa gefen tafkin Iseo ko na Garda, tafiyar da za ta isa mai ya yi zafi sosai, sai dai ranar da aka zuba gishiri a titi ba ta fita ko kaɗan. Sai an lura da tudun rage gudu, domin kaskon man injin yana ƙasa sosai kuma na alminiyon ne, dutse ɗaya yana iya fasa shi. Gareji busasshe na haya shi ne kuɗin da nake biya kowane wata ba fashi, kuma ina ganin wanda ba shi da wurin ajiya mai rufi bai kamata ya sayi irin wannan mota ba tukuna.

Wani dattijo cikin 'yan uwanmu Hausawa na nan ya taɓa ce mini, "Malam, kuɗin nan da ka sa a fili a gida ai ya fi." Na ce masa, "Gaskiya ne, Alhaji, shi ya sa ban taɓa kuɗin gida ba." Asusu daban na buɗe mata, abin da ya shiga shi take ci, idan ya ƙare aiki ya jira. Ban saye ta don riba ba, kuma duk wanda ya haɗa kuɗin gareji da inshora da kayan gyara na shekaru zai ga cewa tashin farashin Spider da wuya ya rufe su.

Mutane da dama sun ba ni shawarar in sake mata fenti gaba ɗaya in sa mata manyan tayoyi da kujerun zamani. Na gyara kujerun da irin ledarsu ta asali, na sa sabon tamfol saboda yoyo, amma fentin na bar shi, domin a ƙarƙashinsa kowa yana iya ganin cewa ba a ɓoye komai ba, kuma sitiyarinta ba shi da na'urar taimako, faɗaɗa taya zai sa ya yi nauyi ya ɓata yadda take shan kwana. Aikin da ke gabana kafin sanyin bana shi ne a fesa kakin hana tsatsa cikin ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi, a buɗe ramukan da ruwa yake fita ta cikinsu, sannan a canza robar farfela da ta fara tsagewa.