Abin da ƙananan kawunan jirgin Wushishi suka koya mini

A shekarata ta ƙarshe a karatun injiniyanci, aikin binciken da na ɗauka shi ne kawunan jirgin ƙasa masu aiki da tururi da Turawa suka fara kawowa Arewa. Abokan karatuna sun yi mamaki, don a ganinsu ƙarfen da ya daina motsi tun zamanin kakanni ba shi da abin da zai koya wa mai neman aiki yau. Ni kuwa har gobe ina cin moriyar wannan bincike.

Layin dogo na farko a Arewa gajere ne ƙwarai. An buɗe shi a 1901 tsakanin Wushishi da Zungeru, a 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna, tsawonsa duka mil 22. Zungeru ce Gwamna Lugga ya zaɓa ta zama hedkwata, kayan gwamnati kuma ta ruwa suke zuwa, su hau Neja su shiga Kaduna, su tsaya inda jirgin ruwa ya gaza. Daga nan sai dogo ya karɓa. Faɗin layin ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila kuma shi ya ƙera kawunan jirgin. Ɗaya daga cikinsu yana ajiye a Minna, duk mai so ya je ya gani.

Darasin farko daga jikin injin na same shi. Ƙafafunsa shida ne masu ja, an haɗa su da sandar ƙarfe, sai wasu ƙanana biyu a baya da ke ɗauke da nauyin wurin wuta da mazaunin direba. Ba ya jan taragon ruwa, tankunansa a gefen tukunya suke, dama da hagu. Da farko mutum zai ɗauka ƙaranta ce kawai ta sa haka. Amma nauyin ruwan nan yana danna ƙafafun ja a kan dogo, ya hana su santsi. Injin da ba shi da tarago a bayansa yana tafiya gaba ko baya ba wahala, ba sai an gina masa wurin juyawa a ƙarshen layi ba. Ruwan da yake ɗauka kaɗan ne, to ina ruwan layin mil 22 da babban tanki? Nauyin da aka raba wa ƙafafu takwas yana nufin siririn dogo mai araha zai iya ɗaukarsa. Kowane abu a jikinsa amsa ce ga wata tambaya da wurin ya yi. Tun daga nan, in aka ajiye mini inji a wurin aiki, kafin in ce mai kyau ne ko mara kyau sai na tambayi inda aka nufa ya yi aiki da abin da aka nufa ya ɗauka.

Na biyu ya fi ɗaci. Da aka gina layin Baro zuwa Kano daga 1907 zuwa 1911, wanda aka fara a zamanin Gwamna Girouard, faɗin ƙafa 3 da inci 6 aka yi masa, daidai da layin da ya taso daga Legas. Ƙaramin layin Zungeru ya rasa amfani, aka tumɓuke shi, aka kwashe kayansa zuwa wani sabon aiki: layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos har Bukuru, mil 143, wanda aka buɗe kashi-kashi tsakanin 1912 da 1914. Sunan Bauchi aka ba shi saboda lardin, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba. Kuza ya je ɗauka. Kafin zuwansa 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, su yi kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai.

An zaɓi siririn layi don ya fi araha, ya kuma fi iya lanƙwasa a hawan dutse. A takarda hujja ce mai ƙarfi. Sai dai a tashar Zariya layuka biyu masu faɗi daban suka haɗu, taragon wannan ba ya hawa dogon wancan. Kowane buhun kuza da ya sauko, kowane ƙarfen haƙar ma'adinai da zai hau, sai leburori sun sauke shi daga wannan tarago sun loda a wancan. Kuɗin da aka tsimi ranar gini, aka riƙa biyansa kullum da gumin mutane da ɓata lokaci. Araha ba ta ado, in ji masu magana. A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan daga yankin Gabashin Nijeriya, inda kwal ɗin Inugu yake, kaya masu nauyi suka koma can. Ƙaramin layin ya ci gaba da jan jiki har aka rufe shi a 1957. Yau in ana gardamar sayen kayan aiki a ofishinmu, nakan dage sai an duba ko sabon zai haɗu da wanda muke da shi, ko da kuwa za a ce na cika tsawaita zama.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai wanda ba ya cikin lissafin injiniya. Takardun da na karanta sun adana sunan kamfani da shekarar ƙira da nauyin inji. Mutanen da suka sare daji, suka tara ƙasa da kwando a ka, suka shimfiɗa dogo, adadi kawai aka rubuta su. Yawancinsu ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su, ana yanka wa kowace gunduma yawan mutanen da za ta kawo, manomi ya bar gonarsa ba da son ransa ba. Haka masu zuba itace ko kwal a bakin wuta cikin zafin bazara, da masu cika tanki a kowace tasha. Tukunyar tururi ba ta yafe sakaci: in ruwa ya yi ƙasa har rufin ɗakin wuta ya bushe, ƙarfen zai yi laushi ya fashe. Idon da ke kan ma'aunin ruwan nan ilimi ne na gaske, kuma 'yan ƙasa da yawa da hannu suka koye shi a bakin aiki. A rahotona na ware musu babi guda, duk da ba a nema ba, kuma shi ne babin da na fi wahala wajen samun abin rubutawa.