Shinca ba ya son tafasasshen ruwa

Duk wanda ya tashi da shayi irin namu, na ƙaramar buta a kan gawayi, da sukari da kumfa, hannunsa ya saba da abu ɗaya: a bar ganye ya tafasa har ya zubar da duk abin da ke cikinsa. Wannan sabo ne ya cinye mini rabin shincan, wato sabon ganyen shayi na girbin farko, da na ɗauko daga Shizuwoka ta ƙasar Japan, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Karatu ne ya kai ni Japan. Daga ƙarshen Afrilu sai ka ga shagunan shayi sun kafa tutoci a ƙofa, alamar sabon ganye na girbin farko ya iso. A kudu, wajen Kagoshima, tun farkon Afrilu ake fara tsinka, Shizuwoka da Uji su biyo baya. Akwai ranar da suke girmamawa, dare na 88 daga ranar da tsohuwar kalandarsu ke ƙirga ƙarewar hunturu a farkon Fabrairu. Yana faɗowa wajen 2 ga Mayu, kuma tsofaffinsu na cewa wanda ya sha ganyen da aka tsinka ranar zai yi tsawon rai.

Wata tsohuwa mai shago ce ta fara haɗa mini, kuma abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda ta ƙi barin ruwan zafi ya taɓa ganyen. Ta tafasa ruwa sosai, sannan ta zuba shi a kofunan da za mu sha da su, ta juye shi cikin wani ɗan kwano mai baki, ta tsaya tana jira. Kowace juyawa tana rage zafin da kusan digiri 10. Sai da ya sauko wajen digiri 70, yadda za ka iya riƙe kwanon a tafin hannu, sannan ta zuba a kan ganye kamar giram 5 a cikin butar yumɓu mai mariƙi a gefe. Ba ta girgiza ba, ba ta motsa da cokali ba. Ko minti ɗaya bai cika ba ta fara tsiyayawa, kaɗan a kofina, kaɗan a nata, ta dawo nawa, don kada ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Ta riƙe butar a karkace har ɗigon ƙarshe ya faɗo.

Ruwan kore ne shar, da ɗan kauri. Na kai baki ina jiran ɗaci, sai na ji wani ɗanɗano kamar na romo, ga ƙamshin ɗanyen ganye, sannan wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro bayan na haɗiye, alhali babu ko ƙwayar sukari. Ban taɓa sanin ganyen shayi yana da wannan a cikinsa ba.

Dalilin yana cikin itacen. Duk tsawon hunturu ba ya tofo, yana tara wani sinadari mai suna tiyanin, shi ne mai ba da wannan gardin. In sanyi ya ja baya sai ya hau cikin sababbin ganye. Hasken rana kuwa yana mayar da shi katekin, mai ɗaci da ɗaure baki, don haka ganyen girbi na biyu da ya sha ranar Yuni ya fi ɗaci. Tiyanin yana fita ko a ruwa mai ɗumi, katekin da kafeyin kuma sai ruwa ya haura digiri 80 suke fitowa da yawa. Ka zuba tafasasshen ruwa, ka buɗe wa ɗaci ƙofa ya danne abin da ka biya kuɗi dominsa.

Da na zo gida hutu, na kawo ƙunshi guda tsaraba. Na miƙa wa Yayana da yamma, na ce gobe zan haɗa mana. Na dawo daga sallar isha'i na tarar da buta a kan gawayi tana ɓararraka, ƙunshin a buɗe a kan tabarma, rabinsa ya tafi. An zuba sukari, an jefa na'a-na'a.

"Yaya, ba haka ake yi masa ba," na ce.

"Haba ƙanena, shayi ai shayi ne. Amma gaskiya an cuce ka, wannan ɗaci kawai gare shi, ko kumfar kirki ba ya yi."

Na leƙa cikin butar. Koren nan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ganyen ya narke ya zama dagwalo. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, ko da yake ba arha ne da shi ba. Ganyen nan sau ɗaya ake samun sa a shekara, kuma mutum biyar da ke zaune a wurin sun tashi da yaƙinin cewa shayin Japan ba shi da daɗi.

Ba laifin Yaya ba ne. Ganyen da muke dafawa a gida daga Sin yake zuwa, a kasko ake gasa shi, a murɗe shi tamau, shi ya sa yake jure tafasa zagaye uku. Na Japan turara shi ake yi, hanyar da wani manomi Nagatani Soen ya daidaita a yankin Uji a 1738. Wanda na kawo ma irin fukamushi ne da Shizuwoka ta shahara da shi, wanda ake daɗewa ana turarawa, minti ɗaya zuwa biyu maimakon daƙiƙa 30 zuwa 40. Wannan yana sa ganyen ya farfashe ya yi gari-gari, ya saki komai nan take. Daƙiƙa 40 a ruwa mai ɗumi ta ishe shi, balle minti goma a kan wuta.

Rabin da ya rage na riƙe shi da kaina, shi ma ya koya mini wasu abubuwa. Ruwan burtsatsen unguwarmu yana da nauyi, yana barin farin dasashi a gindin tukunya, kuma da shi shayin ya fito a dushe, ƙamshin ya ɓace. Ruwan Japan galibi mara nauyi ne. Da na koma ruwan gora sai koren ya dawo. Sannan zafin garinmu ba ya raga masa: da zarar an buɗe ƙunshi, iska da zafi da haske suna cin ƙamshin kullum. A matse iskar, a ɗaure bakin, a sa cikin gwangwani mai murfi nesa da daddawa da yaji, domin yana shan wari. Wanda ba a buɗe ba ne ake sa wa a firji, kuma in an fito da shi a bar shi ya huce daga sanyin kafin a yage, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kan ganyen. Kada ka ce za ka adana shi sai baƙon kirki ya zo. Ka shanye shi cikin 'yan makonni.

Zubi na biyu yana son ruwa ya ɗan fi zafi, wajen digiri 80, kuma ba a jira, ana zubawa ana tsiyayewa. Tsakanin zubi da zubi a ɗan ɗage murfin butar don kada tururi ya dafe ganyen. Ga masu fama da zafin rana irin namu kuwa, a jiƙa giram 10 a lita ɗaya ta ruwan sanyi, a bar shi a firji na wasu sa'o'i. Ɗaci kusan ba ya fita sam, sai zaƙin. Wannan ne na ba Yaya da azahar washegari, ya shanye, ya miƙo kofi a ƙara masa, amma har yanzu yana cewa da an ɗan sa sukari da ya fi.

Yanzu ba na miƙa wa kowa ƙunshi sai na zauna na haɗa masa kofin farko a gabansa, ya ga ruwan yana hucewa da idonsa. Wanda na kawo daga itacen shayi irin Yabukita ne, wanda ya mamaye yawancin gonakin shayin Japan. In Allah ya kai mu Afrilu mai zuwa, na Kagoshima nake so in nema, irin Saemidori, tun da shi yana riga fitowa.