Mita Kafin Kwamfuta: Kayan Aikin da Mai Gyaran Wutar Mota Zai Fara Saya

Na daɗe ina aikin wutar mota a Gusau, kuma duk yaron da ya kusa samun 'yanci a garejina tambayarsa ɗaya ce: "Maigida, wace kwamfuta zan saya?" Ni kuwa nakan ce masa ya fara mallakar mita mai kyau, wato na'urar auna wuta ta hannu, kwamfuta ta biyo baya.

Na'urar da muke kira kwamfuta, wadda ake sokawa a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, abin da ƙwaƙwalwar mota ta sani kawai take karantowa. Wannan tsari na OBD2 ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, shi ya sa Camry da Accord da ke shigo mana duk suna da shi. Sai dai lambar matsala da kwamfutar take fitarwa unguwa take nuna maka, ba ta kai ka ƙofar gida. A daminar bara an kawo mini wata Corolla daga Ƙauran Namoda wadda take mutuwa a kan hanya, lambarta P0335, wato matsala a layin sensar karanshaf, mai gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda inji ke juyawa. Har sau biyu aka canza wa mai ita sensa. Da na ɗauki mita na bi wayar sannu a hankali, sai na tarar ɓera ya ci ta a bayan inji, silin tagulla biyu ne kawai suke riƙe da ita. Mai motar ya daɗe yana kallon wurin kafin ya ce, "Malam, ashe kuɗina na yi ta zubarwa."

Idan za ka sayi mita, ka buɗe bayanta ka tabbata akwai fiyus a ɓangaren amfa 10. Mitata ta farko, wadda na saya saboda araha, ba ta da shi, kuma ranar da na manta waya a ramin amfa na ɗora ta a kan batir, nan take wayoyin suka narke a hannuna. Har yau tabon yana babban yatsana. Ka sa ta a gwajin haɗin waya, ka haɗa bakin wayoyinta biyu ka ji ko ƙararta tana fita nan da nan, sannan ka gwada ta a mota mai lafiya: cikakken batir yakan nuna bolt 12.6 idan inji yana kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan an tayar. Mitar Fluke tana da tsada kuma jabunta ya yi yawa, ta UNI-T kuwa ta ishi mai farawa.

Fitilar gwaji ma kada a raina ta, domin tana jan wuta, saboda haka takan tona asirin haɗin da ya yi tsatsa wanda mita za ta nuna maka bolt 12 a kansa kamar lafiya lau. Amma wannan jan wutar ne ya sa ba na yarda a kai ta wayoyin ƙwaƙwalwa, balle rawayen wayoyin jakar iska.

Sai an kai nan ake maganar kwamfuta. Ƙaramar kwamfutar ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu galibi lambobin inji take gani, na birkin ABS da jakar iska kuwa sai manya irin su Launch ko Autel. Kafin ka biya, ka tambayi mai kaya shekara nawa ake sabunta ta kyauta, domin bayan nan da dala ake biya. Tawa a Kano na saya, kuma ban miƙa kuɗi ba sai da aka soka ta a Toyota ɗaya da Peugeot 406 ɗaya a gabana, na ga ta shiga kowace.