TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Yaƙi ɗan zamba ne

Makon jiya na tsaya a inda aka tura ni bautar ƙasa jihar Abia. Watannin farko kam mu tsallake, ba abin faɗa sai ruwan sama da kewar tuwo.

Kawu Soja, Allah ya jiƙansa, magana ɗaya gare shi: "yaƙi ɗan zamba ne." Ko rigimar ƙwallo muke a zaure sai ya leƙo ya faɗa, mu kuma mu yi ta dariya wai tsufa ne. A Daffo ɗin sojan nan namu na Zariya aka horar da shi a 1967, ya tafi yaƙin basasa na Biyafara, ya dawo a 1970 kunnensa ɗaya ba ya ji. Abinda kawai yake alfahari da shi wai Gowon ɗan Wusasa ne, maƙwabcinmu.

To wata Asabar wani abokin aikina ɗan Ibo ya ja ni gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Garin ya zama hedikwatar Biyafara bayan an ci Enugu, har sojan tarayya suka kama shi a Afrilun 1969. Na ga jirgin ruwan yaƙi a kan tudu, motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera da hannu duk sun yi tsatsa, ga bam ɗinsu Ogbunigwe, ga ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda rediyonsu ke watsa labari. Ni fa hoto na je ɗauka wallahi. Sai a gaban hotunan yaran nan masu kumburarren ciki abokina ya ce min yayar babansa a haka ta rasu, yunwa, ba harsashi ba. Na kasa ce masa kawuna yana cikin waɗanda suka zo, sai na mayar da waya aljihu.

Abinda ke ci min rai har yau, akwatin ƙarfen Kawu mai lambobin yabonsa da hotunansa, ana sadakar arba'in wani a gidanmu ya sayar wa ɗan gwangwan. Ya san kansa, kuma na san yana karantawa.

Da dare na kira Inna na ce, "Inna, wai Kawu ya taɓa ba ku labarin Umuahia?" Ta ce, "Wane labari? Ɗan zamba ne kawai yake ce mana, sai ya tashi ya yi alwala."

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.