Kayan yankan tayil: abin da na gani a aikin ɗakina da banɗaki

Kafin in sayi komai a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, sai da na auna ƙasan ɗakin da na banɗakin, na duba inda tayil zai buƙaci yanka. Galibi yanka ne miƙaƙƙe a gindin bango, don haka na fara da abin yanka na hannu, wanda ba ruwansa da wutar lantarki. Ɗan wili gare shi mai taurin gaske: ka tura shi ya ja layi siriri a fuskar tayil, ka danna hannun, sai ka ji ƙas, ya rabe gida biyu. Sau ɗaya ake ja, da nauyin hannu iri ɗaya har ƙarshe. In aka maimaita, bakin tayil ɗin sai ya ɓantare.

A lura da tsawon abin yankan, kada ya gaza layin da za a ja. Tayil mai santimita 60 kowane gefe, in za a yanka shi kusurwa zuwa kusurwa, layin ya kusa santimita 85.

Tayil ɗin banɗaki siramik ne, bai ba ni wahala ba. Na ɗaki kuwa fosilen ne, wanda ake gasawa da wuta mai zafi sosai, har ruwan da yake sha ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Taurinsa ya sa yanki siriri ba ya karyuwa a kan layi. A nan, da kuma zagayen bakin ƙofa, na koma ga injin hannun nan da masu walda ke yanka ƙarfe da shi, na sa masa faifan daimon mai milimita 115. Faifan ma iri-iri ne. Mai giɓi-giɓi a baki ya fi sauri, amma yana cin gefen tayil. Mai sumul ɗin baki shi ya ba ni yanka mai tsabta. Ramin bututun famfo kuwa da bakin daimon mai zagaye da ake ɗaura wa injin huda na huda shi, ina ɗiga ruwa a hankali.

Abin da ya fi damuna ƙura ce. Farar ƙurar nan tana ɗauke da silika, wadda ke zama a huhu ta yi illar da ba ta warkewa. A tsakar gida nake yanka, da tabarau da takunkumi mai tace ƙura, yara kuma suna can cikin ɗaki. Injin tebur mai ruwa ya fi kashe ƙura, sai dai kuɗinsa ya yi wa aikin ɗaki biyu yawa, shi ya sa na bar shi.